Kyautar Buɗa-baki da Na Je Na Karɓo

Labari ya iso mini cewa ranar sunan ɗiyar 'yata Fa'iza, bayan an ci an sha, ɗana Mubarak ya miƙe a gaban surukai ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya taɓa bin wata tsohuwa har ƙofar gidanta a ƙasar Maleshiya, cikin watan azumi, ya karɓe kyautar buɗa-bakin da aka aika mata. An ce mini an yi dariya har wani dattijo ya ƙware. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an ba da labarin babu kai babu gindi, kuma wanda ya ba da shi, a lokacin da abin ya faru, yana kwance ne a ƙarƙashin teburin cin abinci yana kallon wasan yara a wayar uwarsa. Tun da a kaina aka ba da shaida, ina da haƙƙin a ji ta bakina, kuma a rubuce, domin na ga yadda magana take sauya kama idan aka bar ta a bakinku.

'Ya'yana, kun san ni mutumin Haɗeja ne, kuma sai da na haura shekara talatin kafin na ga teku da idona. Duk da haka ƙasan teku Allah ya rubuta zan karanta. Mutane suna zaton ƙasa tana ƙarewa ne a inda ruwa ya fara. Ba haka ba ne. Tana ci gaba a ƙarƙashin ruwan, a shimfiɗe kamar dandamali, har ta kai wani wuri ta gangara zuwa zurfin da haske ba ya isa. A kan wannan gangare laka take taruwa sannu a hankali: abin da koguna suka kwaso, da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka nitse. Wani lokaci nauyin ya yi yawa, ko girgizar ƙasa ta taɓa wurin, sai gangaren ya zaftare, ƙasa mai faɗin ƙaramar hukuma guda ta sulale cikin duhu. Waɗanda nake nazari sun auku tun ba a yi tunanin gina ganuwar Kano ba, babu wanda ya gani. Amma masu shimfiɗa bututun mai da wayoyin sadarwa a ƙasan teku, da talakawan da suke zaune a gaɓa, suna da bukatar sanin yaushe aka yi zaftara ta ƙarshe, kuma ko akwai wata a hanya. Wannan ne ya ɗauko ni daga koyarwa, da furfurata da iyalina, ya ajiye mu a wani bene a unguwar Setapak, a babban birnin Maleshiya.

Yadda ake aikin shi ne, jirgin ruwa ya soka dogon bututu a ƙasan teku ya zaro lakar, kamar a soka kara a tuwo a zaro. Namu daga gangaren da ke gaban tsibirin Borneo aka ɗebo. Sai a tsaga bututun biyu a karanta abin da ke ciki. Inda aka yi zaman lafiya za ka ga lakar ta kwanta sahu-sahu, siri-siri, babu wanda ya hau wani. Inda aka yi zaftara kuwa komai a murɗe yake, a cakuɗe. Amsar tambayata tana daidai inda hargitsin ya ƙare, sahun lafiya ya fara, domin ɓawon da ya fara kwanciya a bisa zaftarar shi ake aunawa a san shekarunta. A duk bututun da aka ba ni, wuri ɗaya tak wannan iyaka ta fito tsaf, a wani yanki da bai wuce taƙi ɗaya ba. Lakar kuma tana da dokokinta. Ba a barin ta ta bushe, ba a barin ta ta daskare ta zama ƙanƙara, ba a yarda a rikita samanta da ƙasanta. Idan ɗaya ya faru, aikin shekaru ya koma taɓon da ake yaɓe da shi.

Ana gab da kafa dokar kulle ta korona injin ɗakin sanyi na sashenmu ya tsaya. Masu gyara suka ce ba ranar zuwansu. Farfesar da ke duba aikina, wata baiwar Allah 'yar ƙasar, ta ce kowane ɗalibi ya ɗauki abin da ya fi muhimmanci a gare shi ya tafi da shi gida. Ban ɗauki ko tsinke ba sai da ta sa hannu a takardar izini, kuma takardar tana nan a akwatina ga mai son gani. Da yake dogayen akwatunan jami'a ba za su shiga firij na gida ba, na yanka yankunan da nake bukata, na naɗe kowanne da leda da takardar aluminiyam, na jera su a cikin robobin nan masu kusurwa huɗu da ake zuba abincin tapau, wato na tafi-da-gidanka, waɗanda mahaifiyarku ta tara tuli guda a saman kabad. Lambar kowanne da kibiyar da ke nuna samansa a gefen robar na rubuta, ba a murfi ba. Wannan ita ce ƙa'idar aiki a ko'ina cikin duniya, domin murfi yana iya canja gida. Ina so a lura da wannan, saboda an daɗe ana cewa ban rubuta komai ba.

Mahaifiyarku Saudatu ta tarbe ni a ƙofar kicin. Ta riga ta cika firij da kaji da kifi da kayan miya, don ba a san tsawon kullen ba. Ta dubi robobin, ta dube ni.

"Malam, duk faɗin tekun nan bai ishe su ba, sai firij ɗina?"

Na yi mata bayani a tsanake, kamar yadda na yi muku a sama. Ta saurara har ƙarshe, domin mace ce mai adalci, sannan muka ƙulla yarjejeniya: hawan ƙasa nawa ne, sauran duka nata, kowa ya tsaya a iyakarsa. Kajin da suka rasa wuri ta soye su a ranar, kuka ci kuka yi santi, ba wanda ya gode wa kimiyya.

Azumi ya same mu a kulle. Babu kasuwar buɗa-baki ta Kampung Baru da muka saba zuwa, babu tarawihi a masallaci, babu ziyara. Abin da ya rage na mutane shi ne ƙofar da ke kallon tamu. A nan Mak Cik Salmah take. Mak Cik a bakinsu kamar mu ce gwaggo ne. Tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wata jiha, an rufe hanya ba mai iya zuwa. Tun ranar farko ta rataya mana leda a ƙyauren ƙarfe ta ƙwanƙwasa ta koma. Da muka buɗe muka tarar da kuih lapis, wani abin zaƙi da suke turarawa da garin shinkafa da madarar kwakwa, sahu-sahu, ja da fari. To, a gidanmu ba a mayar da kwano babu komai, su ma Malayawa ashe haka suke. Mahaifiyarku ta mayar da robar da ƙosai. Robar ta dawo da faten shinkafa mai nama. Ta koma da ɗanwake. Aka shiga wata gasa ta mutunci wadda ba mai iya fita daga cikinta da daraja, kuma in faɗi gaskiya, ita ce ta riƙe mu a wannan wata. Mahaifiyarku, wadda kullen ya sa ta yi shiru-shiru, ta koma tashi da shirin abin da za ta burge Mak Cik da shi.

Ranar da abin ya faru mahaifiyarku ta tuƙa tuwon madara. Saboda zafin garin da tururuwa, ta naɗe shi da takardar aluminiyam, ta sa a robar tapau, ta ajiye a hawan tsakiya. Ni kuma da la'asar na fito da yankin nan mai iyaka, na kai shi bakin taga na ɗauki hotonsa da hasken rana. Da na dawo in mayar da shi, na tarar an cusa ƙatuwar kankana a hawana, daidai gurbinsa, saɓanin yarjejeniya. Ba na barin laka a waje ina cigiyar mai kankana, don haka na ɗora robar a hawan tsakiya da niyyar gyarawa bayan salla. Ana gab da kiran magariba, ƙosai yana kan wuta, mahaifiyarku ta miƙa hannu ta ɗauki roba mai nauyin da take tsammani, ta sa a leda, ta rataya a ƙofar Mak Cik. Bayan mun sha ruwa saƙon murya ya shigo wayarta. Mak Cik ce, tana godiya, tana ta maimaita "sedap, sedap", wato ya yi daɗi, ta ce ta cinye tas. Mahaifiyarku ta kunna mana saƙon har sau biyu, tana murmushin nasara.

Da safe, kamar kullum, na buɗe firij in duba sanyinsa in ƙirga kayana. Ɗaya babu. A hawan tsakiya na ga roba, na ɗauka na ji daɗi, na juya gefenta ban ga kibiya ba. Na buɗe. Tuwon madara ne, lafiya lau, ko gutsura ba a yi ba.

Na kira mahaifiyarku na nuna mata. Ta daɗe tana kallon tuwon madarar, sannan ta ja kujera ta zauna. Na ce zan je in karɓo. Ta ce ba inda za ni. Na ce aikin shekara uku ne a cikin wannan roba, kuma ba a sake tura jirgi Borneo saboda ɗalibi ɗaya. Idan yankin ya salwanta babu kundi, babu digiri, sai dai mu koma gida in gaya wa waɗanda suka turo ni cewa na yi kyauta da shi. Ta ce a yi haƙuri, ai robar za ta dawo da kanta kafin magariba. Na ce za ta dawo a wanke. Da na ga wannan bai ratsa ta ba sai na sauya hujja, na ce idan da gaske tsohuwar ta cinye, wajibi ne a kai ta asibiti.

"Malam, ka daina," in ji ta. "Abin nan warin ruɓaɓɓen ƙwai yake. Babu mahalukin da zai cinye shi. Ni na sani, kai ka sani."

"To, kin ga ke nan yana nan."

"Na ga dai idan ka je, abu biyu za ka gaya mata. Na ɗaya, mun aika mata taɓo ta buɗa baki da shi. Na biyu, ta yi ƙarya a watan azumi. Matar da ta haife mu. Sannan ka miƙa hannu ka karɓi kyauta. A gidanku aka taɓa yi, ko a namu?"

Ba a taɓa yi ba, kuma ina so ku sani cewa maganar ta yi mini nauyi ƙwarai. Mahaifina ya taɓa ba baƙo rigar da ba tasa ba bisa kuskure, ya gwammace ya ɗinka wa mai ita sabuwa da ya buɗe baki. Da lakar tawa ce, wataƙila da na bi sahunsa. Amma ba tawa ba ce. Amana ce da na sa hannu na karɓa, kuma bayan ni akwai wasu da za su zo su bukace ta. Na gaya wa mahaifiyarku cewa kunyar zan ɗauke ta ni kaɗai. Ta ce ba a taɓa jin kunya ta tsaya a kan mutum ɗaya a gida ba. Na shiga ɗaki na sa kaftanina na Juma'a da hula, na ɗaura takunkumi, na ɗauki tuwon madarar na gaskiya. Ba ta raka ni ba, amma na ji ta tsaya a bayan ƙofa.

Mak Cik ta buɗe ƙofar katako ta bar ƙyauren ƙarfe a tsakaninmu, kamar yadda doka ta ce. Muka gaisa da guntun Turancinta da guntun Malayancina. Na tambayi azumi, na tambayi 'ya'ya da jikoki, na tambayi ƙafarta. Ta ce in gode wa uwargida, abin jiya ya yi daɗi matuƙa, ba ta taɓa cin irinsa ba. Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, sai na ji ƙarar murfin tukunya yana rawa a kicin ɗinta, tururi mai ƙamshin pandan, ganyen da suke sa wa kuih, yana fitowa. A nan duk gabatarwar da na shirya ta gudu.

"Mak Cik, ki gafarce ni. Na zo ne in roƙi a dawo mini da abin da muka aiko jiya."

Ta matso kusa da ƙyauren. Idanunta kawai nake gani a saman takunkumi. Na ce ba abinci ba ne, laka ce daga ƙasan teku, kayan karatuna ne, kuskure aka yi, ga ainihin abin da aka yi niyyar kawo mata. Na ɗaga robar tuwon madarar kamar mai nuna katin shaida. Ta dubi robar, ta dube ni daga hula har takalmi. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Ta dafa bango, ta zauna a kan bencin takalma, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi.

Da ta samu numfashi ta ba ni labari. Ta ce ta buɗe bayan magariba, ta ga abu toka-toka, sahu-sahu kamar kuih ɗinta, ta ce lallai maƙwabciya ta yi ƙoƙarin kwaikwayonta. Ta yi bismilla ta kai cokali ɗaya. Gishiri da yashi. Ta ce ta daɗe a zaune tana tausayinmu, tana cewa bayin Allah, nesa da gida, wannan ne abin marmarinsu. Zubarwa ba ta yiwuwa, almubazzaranci ne, kuma kyauta ce. Ta so ta sa a firiza ta manta da shi, amma firizar cike take da naman da ta tanadar wa 'ya'yanta ko za a buɗe hanya kafin salla, don haka ta tura shi ƙasan firij. Da ta kwana tana tunani sai ta gane kuskurenta: abin ɗanye ne, turarawa ake yi. Ruwan da nake jin yana tafasa nasa ne. Ta riga ta tace madarar kwakwa.

"Encik," in ji ta, wato malam, "kun sa na yi ƙarya da bakin azumi, sannan ka sa hula ka zo ka kama ni."

Ta shiga ta kashe wutar, ta fito da robar a hannu biyu, ta miƙo ta tsakanin ƙarafan. Ban iya jira in koma gida ba. Na buɗe a nan, na duba kibiya, na duba lakar. A kusurwa ɗaya akwai rami, zagayayye, sawun cokali. A can sama yake, cikin sahun lafiya. Iyakar tana nan, ba abin da ya taɓa ta. Na yi hamdala a fili. Ta tambaye ni shekarun abin da ta ci nawa ne. Na ce ba a auna ba tukuna, amma dubbai ne.

"Madalla," ta ce. "Ashe akwai abin da ya girme ni a benen nan."

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Mahaifiyarku ba ta yi mini magana ba duk yinin ranar, sai ta bakin Fa'iza. Ta yanke hukuncin cewa tun da na nuna ba na jin kunyar ƙofar maƙwabta, ni zan riƙa kai abinci da wanke robobi har salla, kuma na yi, ban tsallake rana ba. Sawun cokalin ma ya bi ni har ƙarshe. An ba ni shawara in datse wannan kusurwa daga hoton da zan sa a kundi, na ƙi, domin ba na gyara shaida. Na bar shi yadda yake, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa an cire wannan ɓangare da cokalin shayi a lokacin kulle. Ranar kare kundin, da aka yi ta kwamfuta kowa yana ɗakinsa, wani tsohon farfesa ya tsaya a kan wannan shafi ya nemi ƙarin bayani. Na ba shi, ban rage komai ba. Ya kashe hotonsa na ɗan lokaci, amma ya manta bai kashe murya ba, kowa ya ji dariyarsa. Shekarun zaftarar da na samo daga wannan roba su ne a babi na biyar, kuma na ji har yanzu ana amfani da su.

A yammacin ranar da na je karɓowar, ana gab da shan ruwa, aka ƙwanƙwasa. Na fita na ciro ledar daga ƙyaure na kawo kicin, inda mahaifiyarku take tsame ƙosai ba ta ko kalle ni ba. Kuih lapis ne, sahu-sahu. A gefen robar, ba a murfi ba, Mak Cik ta zana kibiya da jan biron malamai, ta rubuta kalmarsu ta "sama" a kanta. A kusurwa ɗaya kuma ta ɗebe cokali guda. Mahaifiyarku ta duba, ta cije leɓe, ta juya baya, sannan ta fashe da dariyar da ta sa ƙosan ƙarshe ya ƙone. Har muka baro ƙasar, duk robar da ta fito daga wannan gida da kibiyarta take zuwa.

Wannan shi ne abin da ya faru. Ban ƙwace komai ba; na roƙa, da hula a kaina da musaya a hannuna, kuma tsohuwar da ake cewa na zalunta ta yi kuka ranar da muka ɗaure kaya. Mubarak, ba zan hana ka ba da labarin ba, na ga yana yi maka amfani a taro. Amma daga yau ka riƙa farawa daga kankana. Fa'iza ta rantse ba ita ba ce, mahaifiyarku ta riƙe yarjejeniya har ƙarshe, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne a lokacin tsawonsa bai wuce hawan ƙasa na firij ba.